Shawara: Yayan maiɗakina ya ce babu inda motar ba za ta shiga ba, sai ga ni a kafe a hanyar gona

Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin gwamnati ne a Zariya, ina kuma ɗan taɓa noma a wani ƙauye ta wajen Soba. Bara na sayi Toyota RAV4 ƙirar 2010 a hannun yayan maiɗakina, wanda sana'arsa shigo da motoci ce daga Kwatano. Da bakinsa ya ce mini mai jan ƙafa huɗu ce, babu inda ba za ta shiga ba, har na ƙara kuɗi a kan wata da na fara gani. A watan Agustan nan na kafe a wata 'yar fadama a hanyar gona. Tayar gaba ta dama da ta baya ta hagu suna ta wulwulawa suna watsa taɓo, sauran biyun ko motsi. Na yi ta taka totur har wata fitila mai rubutun 4WD, wato jan ƙafa huɗu, ta fara ƙyaftawa, daga nan ta bayan ma ta tsaya. Ina tsaye wata Hilux ta zo ta ratsa wurin ta wuce abinta. Tarakta ce ta fitar da ni. Bakanikena ya ce tsarin jan ƙafa huɗun na bogi ne, in bari ya cire furofela, wato dogon ƙarfen da ke kai ƙarfin inji ga tayoyin baya, in huta da shan mai, tunda dama akwai wani gurnani da ke tashi daga baya. Kafin wannan na canza tayoyin gaba da 'yan Beljiyam masu lamba 225/60 R17, na baya kuwa 225/65 R17 ne da motar ta zo da su, mai taya ya ce duk 17 ne. Na faɗa wa maiɗakina cewa yayanta ya cuce ni, ta yi fushi, maganar kuma ta kai kunnensa, yanzu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ita ce ma ke tuƙa motar zuwa Kano wani lokaci, hankalina a kwance tunda tana cikin mai ƙafa huɗu. An cuce ni ne? In mayar masa da motarsa, ko in cire furofelar?

Wani mai karatu, Zariya

Wa alaikumus salam, Malam. Ba a cuce ka ba, kuma shaidar da ke wanke Yaya kai ka rubuto ta da hannunka. Ka ce tayar baya ta hagu tana watsa taɓo. Motar da ke jan gaba zalla, idan ta kafe, babu abin da zai juya tayar bayanta ko da za ka taka totur har ƙasa. Tunda ta juya, to akwai furofela, akwai aksil ɗin baya mai aiki, kuma ƙarfin inji yana isa can. Abin da za a kama Yaya da shi guda ɗaya ne, ya zuzuta hajarsa. "Babu inda ba za ta shiga ba" magana ce ta bakin kasuwa, ko a kan Land Cruiser aka faɗe ta ba gaskiya ba ce. Kai kuma ka ɗauke ta da nauyin da ya fi nata.

Idan kana son gani ya kori ji, buɗe ƙofar direba ka duba takardar da ke manne a jikin motar. A RAV4 ta waɗannan shekarun mai injin lita 2.5, lambar ƙira da ta fara da ASA33 ta mai jan ƙafa huɗu ce, ASA38 kuwa ta mai jan gaba ce. Sannan ka sa a hau da ita kan ramin gareji ka leƙa da kanka. Za ka ga dogon ƙarfe, wato furofelar, ya taso daga wajen giya, ya bi gefen salansa har baya, ya shiga wata 'yar tukunyar ƙarfe da ke tsakanin tayoyin baya, daga tukunyar kuma gajerun sanduna biyu sun fita zuwa kowace taya. Na faɗi wannan ne saboda masu karatu da ke shirin sayen irinta, domin akwai motocin da ke yawo da tambarin 4WD a bayansu alhali an daɗe da kwance musu furofela, akwai kuma waɗanda tambarin ne kawai aka liƙa musu.

Yanzu ga yadda motarka take aiki, don a nan ne fahimtarka da ta Yaya da ta bakanike duk suka kauce. RAV4 ta 2006 zuwa 2012 mota ce mai jan gaba wadda ke aron taimakon tayoyin baya idan buƙata ta taso. A bakin waccan tukunya ta baya akwai wani kuloci mai faifai da yawa a jere cikin mai, maganaɗisun lantarki ne ke matse su. Kwamfutar motar tana sauraron na'urorin da ke ƙirga juyin kowace taya, irin waɗanda birkin ABS ke amfani da su, tana kuma lura da yadda ka taka totur. Lokacin da za ka tashi daga tsaye takan matse kulocin ta tura wani kaso na ƙarfin zuwa baya. Da ka miƙe hanya kana tafiya daidai, sai ta sassauta, kusan duk aikin ya koma kan tayoyin gaba don a rage shan mai. Da zarar ta ji na gaba sun fi na baya gudu, alamar santsi ke nan, sai ta sake matsewa. Kamar yaron mota ne da ke zaune a baya: idan an maƙale sai ya diro ya tura, mota na kama hanya ya ɗale ya zauna. Yana da amfani ƙwarai, amma ba a ɗauke shi don ya yi ta turi tun safe har yamma ba.

Dalilin ƙera ta haka ba ɓoyayye ba ne. Yawancin waɗannan motoci daga Amurka da Kanada suke zuwa mana, inda matsalar direba ita ce dusar ƙanƙara a kan titi mai kwalta, da tashi daga danja ko hawan ɗan tudu da safe ba tare da tayoyi sun zame ba. Santsi ne na sama-sama, a kan ƙasa mai ƙarfi, na ɗan lokaci. Fadamar Soba a watan Agusta wani abu ne daban: laka ce mai zurfi, ga ramukan da tayar tarakta ta haƙa.

To me ya sa biyu suka juya, biyu suka ƙi? Tsakanin tayoyin gaba akwai wani haɗin haƙoran ƙarfe da ke ba su damar juyawa da gudu daban-daban, domin a kwana tayar waje ta fi ta ciki cin tafiya. Irinsa ne a cikin tukunyar baya. Yana da aibi guda. Ƙarfin da yake ba tayoyin nan biyu daidai wa daida ne, kuma ba ya wuce abin da mai rauni a cikinsu za ta iya riƙewa. Idan ɗaya ta faɗa cikin caɓi ko ta yi sama ba ta danne ƙasa sosai, ita za ta yi ta wulwulawa, 'yar'uwarta da ke kan ƙasa mai kyau ta samu ɗan abin da bai isa ya motsa mota ba. Kulocin tsakiya ya yi nasa aikin, ya raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, amma ba shi da ikon raba shi tsakanin hagu da dama. A hanya mai kwari da tudu mota kan karkace, nauyi ya taru a kan tayoyi biyu na kusurwa da kusurwa, sauran biyun su yi sakayau. Abin da ka gani ke nan, dama a gaba, hagu a baya. Motar tana da wata dabara ta rage wannan: takan ɗan kama birkin tayar da ke wulwulawa don ƙarfi ya koma wa ɗayar. Sai dai dabarar tana son ƙafa mai natsuwa a kan totur. Wanda ya danna har ƙasa, rami kawai yake ƙara haƙa wa kansa.

Fitilar da ta yi ƙyaftawa kuwa ba alamar bogi ba ce. Faifan kulocin nan gogayya suke yi, gogayya kuma zafi take haifarwa. Da zafin ya yi yawa sai kwamfuta ta saki kulocin gaba ɗaya don kada ya ƙone, motar ta koma jan gaba zalla, shi ya sa ka ga ta bayan ta tsaya. Abin yi a lokacin shi ne ka ɗage ƙafa, ka tsaya, ka jira har fitilar ta mutu.

Hilux ɗin da ta ƙona maka rai, tsarinta daban ne tun daga tushe. Ita mai jan baya ce, direba ne da kansa ke shigar da tayoyin gaba, kuma idan ya shigar haƙoran ƙarfe ne ke kulle gaba da baya, babu faifan da zai goga ya yi zafi. Tana da ƙaramar giya ta musamman, wadda ake rubuta wa L4 ko 4L, da ke ninka ƙarfin juya taya kusan sau biyu da rabi, mota ta riƙa rarrafe a hankali ba tare da inji ya wahala ba. Taka ba ta da wannan giya sam. Ga tsayi daga ƙasa, ga tayoyi masu manyan haƙora. RAV4 ɗinka tsakanin cikinta da ƙasa kusan santimita 19 ne idan babu kaya, ka loda buhunan taki ka ɗauki mutum uku ya ragu. Sau da yawa ma abin da ke kafe irin waɗannan motoci cikinsu ne ke zama a kan tudun da ke tsakiyar sawun tarakta, tayoyi su rasa nauyin da za su kama ƙasa da shi. Kada ka ce sabuwa ta fi: ƙirar 2013 ta fi taka kusa da ƙasa, wajen santimita 16. Amma Hilux ma tana biyan nata farashin. Ba a barin ta a kulle a kan busasshiyar kwalta, domin gaba da baya ba za su iya bambanta gudu a kwana ba, ƙarafan sai su ɗaure, tayoyi su riƙa tsalle. Taka kuwa ita ke yanke wa kanta shawara a kowane lokaci, a kwalta ko a burji, maiɗakinka ba sai ta taɓa komai ba.

Yanzu mu zo inda ya fi damuna a wasiƙarka, wato tayoyi. Mai taya ya ce duk 17 ne. Gaskiya ne, amma 17 faɗin da'irar ƙarfen da taya ke hawa ne kawai. Lambar tsakiya ita ke nuna tsayin gefen roba. Taya mai 225/65 R17 tsayinta daga ƙasa zuwa sama kusan milimita 724 ne, mai 225/60 R17 kuwa kusan 702. Bambancin ya ɗan haura kashi 3 cikin 100. A kowace kilomita ɗaya babbar tana juyawa kusan sau 440, ƙaramar kusan sau 454. Ke nan a tafiyar kilomita 100 tayoyin gabanka sun fi na baya juyi wajen 1,400. Ka tuna da abin da kwamfuta ke ɗauka a matsayin santsi: na gaba su fi na baya gudu. Tun ranar da ka sa tayoyin nan motarka take jin kamar a kan ɗan santsi take tafiya ko da a busasshen titi, faifan kulocin kuma suna gogar juna ba hutu, tunda gefe ɗaya nasu yana bin gudun gaba, ɗayan yana bin na baya. Ba zan yi mamaki ba idan da ɗuminsa ya isa fadamar, ya kuma yi saurin sallamawa. Ƙari a kan haka, ƙananan tayoyin sun sauke gaban motar da fiye da santimita ɗaya, a wurin da kowace santimita take da daraja. Wannan kam ba Yaya ba ne ya yi.

Mota irin wannan tayoyinta huɗu su zama lamba ɗaya, zai fi kyau a ce kamfani ɗaya da zane ɗaya, kuma cinyewarsu ta yi kusa da juna. Na san abin da kuɗin taya ya zama, na kuma san dalilin da ya sa mutane ke komawa ga 'yan Beljiyam. Idan dole ce ta sa, to a jera huɗun a ƙasa a gwada tsayinsu da zurfin zanensu, a duba lambobi huɗun da ke gefe masu nuna mako da shekarar da aka yi taya, misali 2321 na nufin mako na 23 a 2021. Tsohuwar taya tana iya zama da zane mai kyau alhali robar ta bushe. Iska kuma a bi abin da ke rubuce a takardar ƙofa, kada a bar wa mai faci ya ƙiyasta da ido, don taya mai ƙarancin iska ita ma gajeriya ce a lissafin kwamfuta.

Maganar bakanike ta cire furofela, ban goyi baya ba. A gwajin hukumar kare muhalli ta Amurka, RAV4 ta 2010 mai lita 2.5 mai jan gaba tana yin kusan kilomita 9.4 a lita a cikin gari, mai jan ƙafa huɗu kuma kusan 8.9. A babbar hanya kusan 11.9 ne da 11.5. Wannan tsakanin motoci biyu ne da kamfani ya ƙera daban. Kai idan ka cire furofela ba za ka samu ko wannan ba, domin tukunyar baya da sandunanta da akwatin da ke karkatar da ƙarfi daga giya duk suna nan da nauyinsu, tayoyin baya kuma za su ci gaba da juya haƙoran tukunyar. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ke neman inda zai rage, na sani, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Idan motarka tana shan mai fiye da kima, a duba fulogi, da matatar iska, da na'urar da ke auna hayaƙi a salansa, da iskar taya, da birkin da ke riƙewa. Sannan ka tambayi kanka ina furofelar za ta kwana bayan an cire ta. Kaya ne mai kuɗi a kasuwannin kayan gyara irin su Panteka da Ƙofar Ruwa, ranar da ka tashi sayar da mota kuma mai saye zai leƙa ƙasa ya rage maka farashi. Wuri ɗaya na yarda a cire ta: idan ita kanta ta lalace tana girgiza mota, ana jiran a samo wata, a nan ma ka sa ta a but ka tafi da ita gida.

Gurnanin baya yana da masu laifi da yawa, kada a yanke hukunci da kunne daga bakin gareji. Zai iya zama tayoyin ne da kansu, ko boris ɗin ƙafar baya, ko boris ɗin da ke riƙe tsakiyar furofela. RAV4 ta waɗannan shekarun kuma an san ta da gurnanin boris ɗin da ke jikin kulocin baya, abu ne da ake gyarawa. A fara da gyara tayoyi, sannan a canza man tukunyar baya da na akwatin gaba, kowanne kusan rabin lita yake ci, man giya irin wanda littafin motar ya ambata. Mutane da yawa suna canza baƙin mai a kan kari amma ba su taɓa sanin akwai waɗannan biyun ba. Ka tsaya a wurin lokacin da ake juye tsohon. Idan ya fito fari-fari ya yi kauri, ruwa ya shiga, abin da ke faruwa ga motar da ta daɗe a cikin fadama. Idan da ɓarɓashin ƙarfe mai yawa a jikin murfin, akwai abin da ke cin kansa a ciki. Daga nan a jona kwamfutar bincike a ga ko motar ta ajiye wani ƙorafi.

Masu Honda CR-V da ke karanta wannan, naku ya ɗan bambanta. Daga ƙirar farko har zuwa 2011, famfuna biyu na mai ne a cikin tukunyar baya ke matse kulocin idan gaba ya fi baya gudu, babu maɓallin da za a danna. Tukunyar tana da man kanta na musamman da Honda ke yi, idan ya tsufa ko aka zuba mata man giya na gama-gari sai ta riƙa nishi da kakkarwa lokacin da aka karya sitiyari gaba ɗaya ana juyawa a hankali. An cire furofela da yawa a kan abin da canjin mai zai warkar.

Sai batun maiɗakinka da hanyar Kano, wanda a wurina ya fi batun gona nauyi. Ka cire wa ranka cewa jan ƙafa huɗu kariya ce a babban titi. Yana taimakon mota ta tashi, ta hau tudu, ta fita daga santsi. Ba ya ƙara mata komai wajen tsayawa, domin kowace mota da tayoyi huɗu take kama birki, Corolla ce ko RAV4. A gudun kilomita 100 motar nan kusan mai jan gaba ce, kuma halin masu jan gaba gare ta: idan aka shiga kwana da gudun da ya wuce kima, hancinta sai ya ƙi bin sitiyari ya nufi waje. Maganinsa a ɗage ƙafa daga totur a hankali, kada a ƙara murɗa sitiyari, kada a daki birki da firgici. Ta fi ƙaramar mota tsayi, don haka ta fi ta jirkicewa idan aka fizgi sitiyari don kauce wa rami ko akuya. Idan ruwa ya kwanta a kan kwalta kuma taya ta cinye, motar kan hau kan ruwan ta yi iyo, a wannan lokacin ko tayoyi nawa ke ja babu wadda ke taɓa titi. Ruwan farkon damina ya fi kowanne haɗari, lokacin da ƙura da man da suka taru a rani suka jiƙe. Akwai ma wani tarko: saboda motar tana tashi lafiya lau a jiƙaƙƙen titi ba tare da ta zame ba, direba ba ya samun gargaɗin cewa ƙasa da santsi, sai ya zo birki ya gane. Ga tayoyi masu tsayi daban-daban, waɗanda ke rikita lissafin na'urar hana zamewa. Da ni ne, ba za ta sake hawa hanyar Kano ba sai an daidaita su.

Hanyar gona kuma, motar za ta yi maka fiye da yadda kake zato idan ka bi ta yadda take so. A kusa da sitiyari ko a jikin dashbod akwai maɓalli mai hoton tayoyi huɗu da rubutun LOCK. Ban ga ka ambace shi ba, ina kyautata zaton ba ka taɓa danna shi ba. Shi ke sa kulocin ya matse tun kafin santsi ya fara, har kusan kashi 45 cikin 100 na ƙarfin ya tafi baya. Yana sakin kansa idan gudu ya wuce kilomita 40, don haka na wuraren rarrafe ne. Ana danna shi kafin a shiga taɓo, ba bayan an nutse ba. Ka tsaya a bakin wurin, ka sauka, ka sa sanda ka ji zurfinsa, ka ga inda ƙasa ta fi tauri. Ka sa giya a L ko 2, ka shiga da ɗan gudu madaidaici wanda ba za ka ƙara ba kuma ba za ka rage ba, ka ɗora tayoyi a kan tudun sawu maimakon cikin ramin tarakta. Idan ka ji ta tsaya tayoyi na juyawa, ɗage ƙafa nan take. Gwada komawa baya ta sawunka. In ta ƙi, a kwashe lakar da ke gaban tayoyi da wadda cikin motar ya zauna a kai, a cusa karan dawa ko rassa ko tabarmar ƙafa ta motar a ƙarƙashin masu wulwulawa, a sauke kaya da mutane. Shebur da igiya mai ƙarfi su zauna a but duk damina. A rairayi mai zurfi kuwa rage iskar taya zuwa wajen 20 a ma'aunin mai faci yana taimakawa sosai, muddin za a mayar da ita kafin a hau kwalta, kuma a nan ne kashe na'urar hana wulwulawa ke da amfani idan motarka tana da maɓallinsa, don takan shaƙe inji a lokacin da ake son ɗan gudu.

Idan aka zo ja, a ɗaura igiya a ƙugiyar da aka yi don haka, kada a ɗaura a ƙarfen ƙafa ko bamba, mai tarakta kuma ya ja a hankali ba fizga ba. Ranar da ta lalace a titi, janwe ya ɗauke ta gaba ɗaya a kan gadonsa. Ɗaga tayoyi biyu a bar biyu suna birgima a ƙasa yana lalata wannan kulocin da muke ta magana.

Saura Yaya. Kalmar cuta tana da nauyi a kan ɗan kasuwa, ta fi nauyi idan ta fito daga bakin mijin ƙanwarsa, kuma ka bi da ita ta hannun wadda ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Ka fara da maiɗakinka, ka ce mata ka bincika ka gano motar lafiyarta ƙalau, ka janye maganar. Shi kuma kada ka aika saƙo, kada ka yi ta waya. Ka taka ka same shi, ka gaishe shi yadda ka saba, ka ce, "Yaya, na yi magana cikin fushi, na duba na ga motar yadda ka ce take, a yi haƙuri." Ba sai ka buɗe shari'ar "babu inda ba za ta shiga ba" a ranar ba. Idan zama ya yi daɗi kana iya tsokanarsa da ita cikin raha, zai gane, wataƙila ma mai saye na gaba ya amfana. Ka roƙe shi ya haɗa ka da inda yake samun tayoyi masu kyau, masu shigo da motoci sun fi kowa sanin wannan.

Mayar da motar kuwa, ban ga dalili ba. Mafi yawan tafiyarka a kwalta ne da burji, fadamar nan kuma 'yan makonni take yi a shekara tana hana wucewa. A waɗannan makonnin ka ajiye motar inda ƙasa mai ƙarfi ta ƙare ka ƙarasa a babur, taki kuma ka kai shi tun kafin ruwa ya zauna. Lokacin girbi ka ɗauki hayar akori-kura. Idan nan gaba noman ya faɗaɗa har ya zama kullum kana cikin laka da kaya, to motar da kake buƙata mai ƙaramar giya ce, Hilux ko Prado ko 4Runner, da shan manta da tsadar kayan gyaranta, kuma a lissafa ko maiɗakinka za ta ji daɗin tuƙa ta a cunkoson Kano. Musayar mota sana'ar Yaya ce, shi zai karɓi wannan ya nemo maka waccan, kuma da furofelarta a jiki zai fi yi mata kuɗi.